Masarar da Na Ƙi Zubarwa

Ruwa ya kwana goma sha ɗaya a kan duwatsun Son La,
masarar da ke ƙarƙashin ɗakinmu
ta fara warin jiƙaƙƙen tsumma.
Na gani. Ba zan ce ban gani ba.
Fumfuna kore-kore tsakanin ƙwayoyi,
na kankare da wuƙa,
na ce ai cikin alade ba ya zaɓe.

Su tara ne, wata biyu a duniya.
Mai baƙin kunne ya fara juya wa kwami baya,
ya lafe a lungu, gashi a miƙe,
farin idonsa ya koma ruwan kurkum.
Kafin Laraba biyu sun tafi.

Likita Inh ya hawo da babur, taɓo har gwiwa,
shayin da na zuba masa ya huce a banza.
Ya farke ƙaramin a kan ganyen ayaba.
"Panh, matso ki duba."
Hantar ta kumbura, ta koɗe,
tana dagargajewa a yatsa kamar ɗanyar awara.
Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.
Cewa kawai ya yi, "Nuna mini rumbunki."

Allurar bitamin ga bakwai ɗin, kowa da ihunsa,
farin gari a dusa, mai kama dafi a hanji,
maganin tsutsa sai sun ɗan murmure,
daɓe kuma a wanke da ruwan zafi, a bi da farar ƙasa.
"Hanta mai haƙuri ce," in ji shi,
"tana ɗinke kanta in an daina yaga ta.
Amma ban yi miki alkawarin duka ba."

Buhu huɗu muka binne bayan gorori.
Sieng, mijina, yana haƙa yana lissafi a zuci:
kuɗin bikin Tet, keken da 'yarmu ke jira.
Shebur ne kaɗai ya yi magana.

Daren Asabar ɗaya ya ƙara bin 'yan'uwansa.

Yanzu masarata na rataye a saman murhu,
inda hayaƙi ke gadinta.
Kowace sai na karya, na shinshina.
Da asuba shida ke tashe ni,
suna dukan ƙyaure da hanci, suna tsala ihun yunwa,
ihun nan da a da nake tsine wa.
Nakan tsaya da bokiti a hannu,
in bar su su ɗan ƙara.