Gurbi na Sittin da Biyar

Ƙarfe biyar na asuba a Valparaíso,
tsuntsayen teku na cacar baki a kan kwanon ofis,
ni kuwa, Ximena, da shayin da ya huce tun ɗazu,
ina bin sawun kuskure a manhajar masunta.

Don Eleodoro ne ya rubuta ta kafin ya yi ritaya.
Ya yanka wa sunayen jirage gurbi sittin da huɗu,
ya ce gaɓar nan ba za ta taɓa wuce haka ba.
Shekara goma sha ɗaya maganarsa na tsaye da ƙafarta.
Jiya ɗan gidan Huenchul ya sayo jirgi,
ya shafa masa shuɗin fenti, ya raɗa masa sunan uwarsa,
aka zo rubutawa,
manhaja ta kife kamar ƙwarya a ruwa.

Sai na buɗe taskar da magabatan sana'armu suka tara,
na ɗauko ajin nan mai riƙe jerin kalmomi,
wanda ba ya tambayar yawan baƙi
kafin ya shimfiɗa tabarma.
Ka ce masa ƙara, ya ƙara.
Ka ce nawa ne, ya faɗa maka, ba ƙari ba ragi.
Daga sifili yake soma ƙirga,
don haka Golondrina, uwar jiragen gaɓar nan,
da ta riga kowa shan gishiri,
lambarta babu.

In ɗaki ya cika ba ya kuka.
Zai lallaɓa cikin ƙwaƙwalwar na'ura
ya nemo fili ninkin na da,
ya kwashe kowa da kayansa
kafin ka ƙifta ido an tare.
Ni ce dai na yi wauta, na riƙe tsohon adireshi,
na koma na ƙwanƙwasa,
wasu haruffa marasa dangi suka leƙo suna kallo na.
Awa biyu na ɓata kafin na gane
laifin ba na gida ba ne, na mai aike ne.

Bakwai da rabi Señora Fresia ta shigo,
rigar ruwanta na ɗiga, tana warin kifi da sabulu.
Ta tsaya a bayana tana bin allo da ido,
ta kai kan na talatin da ɗaya, ta yi shiru.
La Porfiada.
Tun watan Yuli da ta fita da mutum uku
ko igiyarta teku bai maido ba.
Ta ce, cire ta, 'yata, hukuma na son lissafi daidai.

Layi ɗaya ne.
Na rubuta, na danna.
Duk na bayanta suka gusa gaba taki guda,
kamar masu layin burodi in wani ya gaji ya tafi,
ba wanda ya waiwaya.
Na tambayi jerin, nawa ne?
Sittin da huɗu.

Ashe da an goge ta tun hunturu
da gurabun tsoho sun isa, da ba a tashe ni da asuba ba.
Wata bakwai ba a sami mai hannun gogewa ba.

Amma ajin nan yana da wata ɗabi'a:
adadi na raguwa, fili ba ya raguwa.
Wurin da ya riga ya kama yana nan a share,
ba kowa ciki, ba a kuma bai wa kowa ba.
Akwai umarnin da ke tsuke shi,
ya mayar wa na'ura abin da ya yi saura.
Na san shi sarai, kalma uku ne.

Fresia ta ɗauki lemarta.
A ƙasa injuna sun fara tari ɗaya bayan ɗaya,
shuɗin jirgin yaron nan na gaba.
Na adana aikin yadda yake,
na tashi na ɗora wani ruwan shayi.