Yatsu Huɗu

Ranar Talata hannun jakar ya tsinke
a gangaren da ke sauka bakin Kogin Douro.
Lemo uku suka riga ni isa ƙasa.
Wani yaro ya tsinto mini biyu,
na ukun motar kaya ta bi ta kansa.

Jakar Idalina ce, yadinta mai kauri kamar tamfol.
Shekara ashirin da shida tana zuwa kasuwar Bolhão,
ƙarnin kifi ya kama gindinta
har sabulu ya haƙura.

'Yata Benedita ta ce a waya,
Baba, sabuwa fa Yuro biyu ce.
Na ce na ji.

Na ciro tsohon wandon aiki,
wanda na tuƙa taragon lantarki da shi har na yi ritaya,
na yanke ƙafa ɗaya, na tsaga biyu,
na ninka, na sake ninkawa, na danne da dutsen guga.
Allurarta na cikin gwangwanin biskit inda ta bar ta,
da guntun shuɗin zare a kafarta har yau.
Ban zare shi ba. Na ɗauki wata.

Sau bakwai zare na kuskure kafa.
Sau biyu na soki babban yatsa,
na tsotse jinin, na zagi allurar.
Ƙararrawar coci ta buga huɗu.

Sai aka zo awo.
Na shimfiɗa tsohon hannun a kan tebur,
ga tsakiyarsa ta sile, daidai mazaunin kafaɗarta.
Gajeriyar mace ce.
Wata goma sha ɗaya ina rataya jakar nan
tana cizon hammatata, ban ce uffan ba.

Na daɗe riƙe da almakashi.
Yayyafi ya soma taɓa jan rufin maƙwabta.
Sannan na ƙara yatsu huɗu.

Ɗinkin ya karkace kamar layin dogo a kwana.
Da ta gani da ta yi tsaki, ta ce ba ni nan,
ta warware shi tas.
Na dai bi sawun nata, kusurwa huɗu da gicciye a ciki,
na ƙulla, na datse zaren da haƙori.

Da safe na zuba dankali kilo biyu,
burodi, kwalbar man zaitun,
na hau gangaren a hankali ina saurare.
Ta riƙe.

Tsohon hannun yana aljihun kwat ɗina.
Ban san inda zan ajiye shi ba tukuna.