Ruwan da Bango Ya Sha

Ni ɗan garuwa ne a Jega, jarka sha biyu a kura.
Na san ruwan garin nan kamar yunwar cikina:
wanda ke kwantawa in ya kwana,
da wanda alif ma ya gaji da shi.

Ran Talata Jelani mai zanen manyan motoci
ya tare ni a gindin bangon makaranta.
Na ce, jarka nawa?
Ya ce, ba na famfo nake so ba,
ɗebo mini na lambatun bayan kasuwa.
Na dube shi. Ban ga alamar taɓuwa ba.

Na ɗebo. Kumfa a sama,
baƙin mai yana ƙyalli kamar wuyan tantabara,
jinin mahauta, dauɗar wankin babur,
da abin da ba a faɗa a gaban abinci.

Ɗaliban Malama Hajo sun shafe bango da farar ƙasa,
sun jawo gulbi tun daga can gabas,
shuɗi, da kwalekwale, da balbela a bayan saniya.
Da gulbin ya iso gada
sai Jelani ya rufe gwangwanin fenti,
ya tsoma tsumma a jarkata.

Bango ya sha.
Ƙudaje suka riga mutane zuwa kallo.

'Yan mata suka kawo ledar ruwa buhu uku,
tsintuwar tsakanin tasha da masallaci,
suka ɗinka giwan ruwa da ya fi ni tsawo,
idonsa murfin kwalba,
cikinsa silifas da mataccen batir.
Wani tsohon masunci ya daɗe a tsaye,
ya ce rabonsa da mai girman wannan tun yana saurayi.
Ya tofar da yawu, ya wuce.

Can ƙasa, inda baƙin ya fi kauri,
wani yaro ya zana mutum da kura.
Hula a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.
Na ce, wa ya sa ka?
Ya ce, ai nan muke ganinka in famfo ya ɗauke.

Bara da damina na saɓa Tumba a kafaɗa zuwa asibiti.
Ƙarin ruwa leda huɗu.
Ban taɓa tambayar kaina
daga wace jarka ta sha ba.

Yanzu ta burtsatse nake zagayawa, nisa ninki biyu.
Na ƙara hamsin a kan jarka, mata suna ta mita.
Jelani ya ce ruwan farko zai wanke zanen,
ya mai da shi lambatu, lambatu ya kai gulbi.
Na ce, to ina amfanin wahala?
Yana goge hannu da tsumma, bai ɗago ba,
ya ce, waccan jarkar dai a bar mana ita,
akwai bangon tasha.