Mai Gyaran Firji Yana Neman Makwanci

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran firji a Duluth,
na masu kifi, na asibiti, na gidajen gwauraye.
Na san kukan inji idan ajalinsa ya matso.
Ran Talata likita ya kasa kunne a ƙirjina,
ya yi irin shirun da nake yi kafin in faɗi kuɗin gyara.

Takardu uku ne a kan teburin kicin,
na danne su da kwalbar gishiri.
Kamfani uku, kowa na cewa: kawo gawarka mu daskarar,
mu adana ta a tulun ƙarfe, kai a ƙasa,
har ranar da masu ilimi za su iya tashinka.
Babu wanda ya rantse. Wannan kam na yaba musu.

Na farko yana can hamada, inda rana ke narka kwalta.
Kuɗinsu ya kai na gidan nan har da gareji,
amma in kai kaɗai za a ajiye, ban da gangar jiki,
akwai ragi.
Na shimfiɗa hannuwana a kan tebur na dube su.
Duk abin da na sani a duniya, a yatsun nan yake.

Na biyu kusa ne, wuni guda a mota,
gini kamar sito, araha ba ta ado.
Sai dai ba sa zuwa ɗaukarka.
Kai za ka nemo mai kai ka cikin ƙanƙara, da gaggawa,
alhali ranar ba ka da bakin cewa a taka mota.

Na uku yara ne a ƙetaren teku,
wata-wata ake biya, kamar kuɗin lantarki.
Wadda ta ɗauki waya, murya kamar zuma,
ta ce shekara ɗari ai ba komai ba ce.
Na ce, 'yan mata, kamfaninku shekararsa nawa?
Ta ce shida.
Safar da ke ƙafata ta girme su.

Ban tambaye su tashin matattu ba, ba fannina ba ne.
Na tambayi abin da na sani.
Wa ke ƙara ruwan sanyin in ya ja baya?
Daren sabuwar shekara fa, in mai gadi ya sha ya bingire?
In tulu ya tsage ƙarfe uku na dare, wayar wa za ta yi ƙara?
In kamfani ya karye, wa zai gaji bashin gawa?
Na taɓa buɗe firjin da aka manta wata biyu ba wuta.
Hancina bai manta ba.

Tuuli ta zo ran Lahadi da miyar kifi a kula.
Ta karanta duka ukun a tsaye, ba ta cire kwat ba.
Ta ce, Baba, Mama na kan tudu tana jiranka,
an biya kuɗin filin gefenta,
an sassaƙa Orval Hakala a dutsen, shekara kawai ta rage.
In sun tashe ka, wa za ka gaisar?
Na ce miyar ta yi gishiri.
Ba ta yi ba.

Ina yaro na tsinci kwaɗo a dawa, ya sandare kamar tsakuwa.
Na sa shi a aljihu don in tsorata ƙanwata.
Kafin mu kai gida ya motsa a cinyata.
Ni ne na yi ihu.
Shekara sittin ban faɗa wa Aili wannan ba,
ga shi yau kwaɗon nan zai raba mana kabari.

Ban sa hannu ba tukuna.
Tafki ya daskare har inda ido ya ƙare,
jiragen tama sun kwanta sai bazara.
Firjin kicin ya tashi da wani kuka da ban yarda da shi ba.
Na fere fensir na ƙara tambaya ɗaya a ƙasan takarda,
sannan na ɗauko sukudireba na durƙusa.