Kanta Ɗaya, Bankuna Biyar

A garinmu na bakin teku, arewa da Abadin,
inda iska ke ɗauke da ƙarnin kifi da man jirgi,
bankuna huɗu ne a da kan babban titi.
Na farko ya koma shagon shayi.
Na biyu, tsoffin kujeru ake sayarwa ciki.
Na uku har yau a garƙame, tantabaru ne manajoji.
Ran da na huɗun ya sa kwaɗo
sai suka manna takarda jikin gilashi,
wai ba tafiya suka yi ba,
sun ƙara matsowa ne, suna cikin wayarmu.

Ni Elspeth, wanki ne sana'ata.
Injina takwas, ba mai cin komai sai sulalla,
waya kuwa ba ta haɗiye sulai.
Duk Laraba in cika jaka biyu in tari bas,
mil talatin da ɗaya zuwa, haka dawowa,
shago a rufe, ciniki na wucewa ta ƙofa.
Dubi kafaɗata ta hagu.
Ta fi ta dama kusa da ƙasa.

Torquil, tsohon masunci, idonsa ya yi hazo,
da yatsa yake gane fam goma daga fam ashirin.
Jikarsa ta zuba masa banki a waya,
ya shafa, ya shafa, gilashi bai ce masa komai ba.
Ya ce, kuɗin da hannu bai taɓa ba
ai labarin kuɗi ne.

Morven mai burodi ce ta ɗaura ɗamara.
Takarda kusa da sikeli, biro ɗaure da zare,
ba ka fita da burodi sai ka sa hannu.
Hunturu biyu muna bugun ƙofar da ba kowa bayanta.

To, ga shi yau.
Tsohon shagon takalman Rennie,
inda aka auna ƙafata ina 'yar shekara shida.
Kanta ɗaya, ma'aikatan gidan waya a bayanta,
ko katin wane banki ka riƙo, miƙo.
Can ciki ɗan ɗaki mai labule:
Litinin na wannan banki, Talata na wancan,
har Juma'a, kowa da ranarsa.
Waɗanda ke zage-zagen talla a talabijin
ga su da kujera ɗaya, butar shayi ɗaya,
na jiya ya bar wa na yau ragowar sukari.
Wuya ce ta koya musu zumunci,
ko kuwa doka, ban tambaya ba.

Watan Janairu guguwa ta tsinke wayoyi.
Kwana uku kati ya zama fallen roba.
Sulallana da ban riga na kai ba
su suka zama canjin gari:
Morven ta auna da kofi, mai kifi ya zo da hula.
Akwai fam ɗaya da na ɗiga wa jan farce,
don in gani.
Sau uku yana dawowa cikin injina na biyar.

Ba na guɗa tukuna.
Hayar shagon ta shekara uku ce, na karanta,
kuma na san yadda takarda ke manne wa gilashi.
Ƙarfe biyar sun rufe, Asabar ko leƙe.
Da babu dai gara ba daɗi.

Amma ɗazu ina layi, jakata a ƙasa,
taku saba'in kacal daga ƙofata,
Torquil na gabana yana ƙirga fanshonsa.
Ya ƙirga, ya cika, ya sake daga fari.
Yarinyar kanta ba ta ce ya yi sauri ba.
Ta san ba kuɗin yake zargi ba.
Tun Lahadi bai yi magana da kowa ba.