Ragowar Kuɗin Keke

Na bar Aliero kafin kiran assalatu,
tiya biyu ta irin albasa ɗaure a kariya,
famfo, sholisho, gutsuren tub a aljihu.
Inna ta ce, "Nomau, ga mota, me ya yi zafi?"
Na ce, "Keken Baba ne zai kai ni Yauri."

Can ya saye shi, shekara talatin da bakwai ke nan,
wurin wani Basarke mai suna Tunau.
Ya biya wani abu, saura naira arba'in sai kaka.
Kaka ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce.
Daren da zai cika ya damƙe hannuna:
"Bashi igiya ce, ka kwance mini wannan ɗauri."

Jega na murza ido na ratsa ta.
Gulbi kwance ƙarƙashin gada bai ce komai ba,
mai ƙosai na hura wuta da murfin tukunya,
hayaƙinta ya raka ni har bayan gari.

Daga Maiyama hanya ta miƙe kamar zaren masaƙi.
Gero an ɗaure dami-dami, dawa ta sunkuyar da kai.
Tirela ta wuce, iskarta ta ture ni cikin ciyawa.
Sarƙa na kuka, gwiwa na amsa mata,
tsohon keke ba ya son a yi masa sauri.

Dab da la'asar ƙaya ta sace mini iska.
Ƙarƙashin ɗorawa wani yaro mai kiwo
ya ara mini ƙwaryar ruwansa,
muka bi kumfa har muka kama hujin.
Ladansa, ya ce, ya buga ƙararrawa sau ɗaya.
Ta yi 'yar muryarta ta mai mura,
ya kwashe da dariya, awaki suka watse cikin ƙwari.

Magariba ta cim mini kafin Koko,
a ƙauyen da ban tambayi sunansa ba.
Arzika ya shimfiɗa mini tabarma cikin maƙera,
toka na da sauran ɗumi.
Gwamma ta aiko tuwon shinkafa da miyar sure.
Sauro ya ci rabonsa, ni ma na ci nawa.
Da asuba na tarar an ɗaure fedar da ke lilo.
Ban roƙa ba, bai faɗa ba, halin maƙeri.

Wuni na biyu cinya ta zama itace.
Sai giginya ta fara tsayuwa bakin hanya,
fadama kore, balbela fara a tsakiyar shinkafa,
iska ta canja, ta zo da ƙamshin banda.
Na hau wani tudu, na taka birki ban sani ba:
ruwa ne, ruwa, har inda ido ya gaji,
kwale-kwale a kansa kamar ɓawon gyaɗa.
Na daɗe tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ba labari.

Tunau? Ai ya riga mu, shekarar babbar ambaliya.
Ga 'yarsa can, Tumba, mai bandar kifi.
Ba ta dube ni ba, keken ta duba.
Ta goge hannu a zane, ta taɓa ƙararrawa.
"Wannan ce ke gaya mana ya dawo daga kasuwa,
mu fito da gudu, ko da alewa, ko da gishiri."

Na miƙa arba'in, na miƙa irin albasa,
don arba'in ta yau ba ta sayen ashana.
Ta ƙirga kuɗin sau biyu ta ƙulle a haɓar zane.
"Irinka mayar, mu ruwa muke nomawa.
Amma kwance mini wannan, in da hali."
Na kwance da sifana, hannuna na ɓari.

Na wanke fuska a Kwara, na juya kan keke.
Kifi uku a kariya, irin albasa na nan.
Kwana biyu ne gabana, kuma ba ƙararrawa.
Da baki zan riƙa cewa gafara, gafara,
har Aliero, har kan kabari.