Tsarabar Sin

Ranar Talata suka iso, bayan la'asar.
Mota ta kasa shiga lungunmu na Anguwar Kahu,
sai a ka aka shigo da akwatuna.
Ina zaure, allura a hannu,
aska takwas a kan cinyata, saura wuya.

Dalhatu ya durƙusa ya gaishe ni.
Wata uku a Sin, shi da Barira da yara,
wai an tura shi ganin yadda suke dashen shinkafa.
Shi dai "Alhamdu lillahi, Baba," ya ja bakinsa.
Labarin yana wurin 'ya'yansa.

Sagir ya ce ruwan zafi ake sha a can,
tsuransa, ko da rana ta take.
Na ce, ƙasar duka jego take yi?
Ya ce wani mutum ya ja ƙullin fulawa da hannu,
ya ninka, ya ja, ya ninka,
sai ga taliya, ba injin murji.
Daga tsakar gida Iya ta ce, ƙarya fure take.
Barira ta ce, wallahi Iya, a gabana aka yi.

Zinatu ta kwance ɗankwali.
Tsofaffin mata, in ji ta, masu rawa a fili da sassafe,
sun kewaye ta suna ƙirga kitsonta da yatsa.
Ranar farko ta yi kuka.
Ranar ta huɗu ita ta zaunar da ɗaya a benci
ta yi mata kalaba biyu.
Gashin santsi, kafin su rabu ya warware.

Na tambayi salla.
Suka ce akwai masallaci, rufinsa ya murɗe sama
kamar bakin takalmin da.
Liman ɗan tsurut, gemu bai fi a ƙirga ba.
Sagir ya ce, Baba Tsoho, ban ji hausarsu ba ko ɗaya,
amma da ya kai ƙarshen Fatiha
amin ɗinsu irin namu ne.

Ganuwarsu kuwa ta hau duwatsu, ido bai ga ƙarshenta.
Na ce tamu ta Ƙofar Gayan damina na ci a hankali.
Yaron ya yi shiru, ya ce,
amma tasu ba awaki a kai, ba daɗi.

Da dare aka kawo tuwon masara, miyar kuka.
Suka fito da tsinkaye bibbiyu, za su nuna mana.
Loma ta tashi, ta yi rabin hanya,
ta faɗo a rigar Sagir.
Ba wanda ya ce musu komai.
Can na ji ana wanke hannu a buta.

Autarsu Mubina ba ta ce uffan ba tun isowa.
Sai da kowa ya watse ta zo ta tsaya a gwiwata,
ta buɗe tafinta.
Wani farin abu, kamar ƙwan kurciya, ba nauyi.
Wata tsohuwa ta ba ta, ta ce gidan tsutsa ne,
a cikinsa zare yake.

Na ɗaga shi kusa da fitila.
Yarinya, na san wannan.
Ubana daga daji ake kawo masa irinsa,
na jikin tsamiya, ja-ja, ba fari haka ba.
A dafa da toka, mata su kaɗa,
mu yi wa manya aiki a ƙirji.
Rabona da shi tun kafin a haifi ubanki.

Ta ce, to su ma sun san Zariya?
Na ce, tsutsar dai ta sani.

Ban saka shi a riga ba.
Yana cikin gwangwanin allurai,
in na buɗe da safe yakan gangaro gefe.